Idanunka Ko Aurenmu

Zuwa ga maigidana Teutgar, jiya hakimin ƙasar bakin kogin Mosel, yau ɗaurarren Sarki.

Ya itacen da na jingina da shi tun ina budurwa! Ya wutar murhuna ran da ƙanƙara ta rufe hanya! Ya mai taurin kan da babu irinsa a duk ƙasar Farankawa! Ina gaishe ka, kuma ina fushi da kai.

Ban gaya maka ba? Ban karanta maka labarin sarakunan dā ba, yadda ɗa ke yi wa uba tawaye, daga baya su shirya, mabiya su kwana a ciki? Dariya ka yi, ka ce wai malama ta rufe littafi, miya na ƙonewa. Ka tafi ka durƙusa, ka sa hannuwanka cikin tafin ɗan Sarki, ka rantse za ka bi shi. To, ga uba da ɗa can suna cin naman barewa a akushi ɗaya, kai kana cikin mari.

Yau babban limamin coci ya kawo mini hukuncin Sarki: ko a ƙwaƙule maka idanu, ko a aske maka kai ka shiga gidan zuhudu, inda masu ibada ke rabuwa da duniya da aure, har mutuwa. Amma mai mata ba ya shiga sai matarsa ta yarda da bakinta a gaban bagade, teburin ibada na coci, ita ma ta ɗauki lulluɓin zuhudu. Ka ji adalci! Da za ka tafi yaƙi wa ya nemi yardata? Sai da aka zo raba ni da kai aka tuna ina da baki.

Ka tuna wayewar garin aurenmu? Ka shigo da laka a takalmi, ka ɗora mini dunƙulen ƙasa da reshen inabi a cinya, shaidar gonar kan tudu ta zama tawa. Ni kuwa ban kalli ƙasar ba. Gashinka nake kallo, kamar alkama ta nuna rana na dukanta. Na zaunar da kai na taje shi da matajin ƙaho, kana ihu wai zan tsige maka kai. A hannuna ya yi furfura, sili-sili.

Na so in ƙi, Allah shaida. Na ce makaho ma miji ne, ni in zama sandarsa. Amma idanun da ke gane shaho tun yana ɗigo a sama, in bari a sa musu ƙarfe don kada in kwana ni kaɗai? Ba zan iya ba, Teutgar.

Gobe zan tsaya a gaban bagade in ce na yarda. Kada ka yi mini godiya, ban huce ba. Abu ɗaya nake roƙo: in sun aske ka, kada ka bari a share gashin da tsintsiya. Ka durƙusa ka tattara shi, tunda ka iya durƙuso, ka aiko mini. Matajin yana wurina.

Taka, da lulluɓi ko babu, har ƙasa ta rufe idona,
Bertsinda