Malmala Ɗaya ga Baba

Yaya Turai,

Na kammala digiri na biyu a fannin abincin marasa lafiya, har da horon asibiti a nan Birmingham. Ya jikin Baba? Ya Inna?

Lafiyata lau, sai dai asibitoci sun rage ɗaukar ma'aikata. Sai an yi mini rajista na samu aiki zan iya zuwa gida.

A wurin horo na koya wa wani dattijo Bakano mai ciwon suga auna tuwonsa. Ya ce, "'Yata, malmala ɗaya ai ɗanɗano ce." Maganar Baba sak. Da ƙyar na ƙarasa bayanin.

Ki riƙa zama da Baba idan zai ci, Allah ya ƙara masa sauƙi. Inna kuma ta dakata da kirana likitar abinci. Hukumar rajista ba ta amsa ba tukuna.

Ƙanwarki,
Kubura