Rantsuwar da Dobri Ya Yi wa Jikarsa

Zuwa ga 'yata Zornitsa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Girka. Ya ciwon bayan naki? Mu nan sai godiyar Allah, amma hankalina a tashe yake. Ba zan iya faɗa miki a waya ba, don 'yarki Ralitsa na manne da ni duk inda na juya.

Makon jiya malamarsu ta yi musu darasi a kan illar barasa da ƙwaya. Ta nuna musu hoton hantar mashayi, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, ta ce kowa ya roƙi wanda yake so a gida ya daina. Yarinyar nan ko jaka ba ta ajiye ba, ta iske babanki Dobri da kofin barasarsa na rana, ta faɗa jikinsa tana kuka wai zai mutu. Ya yi ta tsokanarta, wai inabinsa ne, shi ya shuka shi ya dafa. Ta ƙi cin abinci. Da ya ga ba wasa take ba, ya kunna kyandir gaban hoton Maryamu, ya rantse ya bar sha har abada.

Na yi murna har da hawaye. Abin da na kasa tun kina jaririya, 'yar aji biyu ta gama shi kafin miya ta huce. Amma tun washegari hannunsa ke rawa, cokali ma ya gagare shi. Ga sanyi, shi kuwa gumi yake yi sharkaf. Jiya ya ce ɓeraye na hawa bango, alhali babu komai. Tsoro nake ji, Zornitsa.

Ki kula da kanki.
Mahaifiyarki, Nedyalka

Zuwa ga 'yata Zornitsa,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta. Babanki yana asibiti.

Na kira maƙwabciyarmu Penka, wadda ta yi aikin jinya. Tana ganinsa ta dafe ƙirji. Ta ce wanda jikinsa ya saba da sha haka, tsayawa farat ɗaya na iya kashe shi. Ko dai asibiti, ko a ba shi kaɗan kafin a kai shi. Shi kuwa ya ce ƙafarsa ba za ta taka asibiti ba. Sai ni, da hannuna, na sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda yake ajiye barasarsa na cika kofi, na bi shi har garken awaki ina roƙo.

"Ke Nedyalka," in ji shi, haƙoransa na haɗuwa, "shekara da shekaru kina ɓoye mini kwalba, yau ke ce mai talla? Na yi wa mutuniyata rantsuwa."

Ina juyowa na ga Ralitsa. Ta kalli kofin, ta kalle ni, ta ce, "Kaka, ashe so kike ya mutu?" Kafin in ba ta amsa ya yanke jiki ya faɗi a gabanta, yana fizge-fizge, kumfa a baki. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Ralitsa ta ji abin da Penka ta gaya wa masu motar, ta san barin shan da ya yi ne dalili.

Ki yi mana addu'a.
Mahaifiyarki, Nedyalka

Zuwa ga 'yata Zornitsa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya farfaɗo. Likita ya ce za su raba shi da barasar a hankali da magani, amma hantar ta lalace sosai, bai yi mini alkawarin komai ba. Malamar su Ralitsa ta zo gida idonta jawur. Ta ce littafin da aka ba su bai ambaci wannan haɗari ba, amma daga yanzu za ta riƙa gaya wa yara a fara da likita.

Jiya na kai Ralitsa ta gan shi. Ta ƙi rabuwa da jakar makarantarta, ban kawo komai a raina ba. Muna isa gadonsa ta zuge jakar, ta fito da kwalbar maganin tarinta cike da barasa. Ita kaɗai ta shiga ɗakin ƙasan nan da take tsoro. Ta miƙa masa, ta ce, "Sha, Kaka. Na yafe rantsuwar. Kada ka mutu."

Ya daɗe yana kallon kwalbar, har gabana ya faɗi, don na san kallon. Sannan ya naɗe yatsunta a kai, ya tura mata. Ya ce, "Mayar gida, mutuniyata. A shafa miki a ƙirji in kin yi mura, kamar yadda aka saba."

Zornitsa, ki nemi wadda za ta riƙe miki tsohuwar, ki taho. Shi yana da likita. Yarinyar nan uwarta take bukata.

Sai na gan ki.
Mahaifiyarki, Nedyalka