Hannuna Yana Tsayawa Kafin Ya Kai

Litinin, 3 ga Maris

Na fara zuwa ajin koyon kare kai, a benen da ke bayan tasha. Mata zalla. Ɗakin sai warin gumi da roba. Malamar gajeriya ce, hancinta a karkace. Ta ce in naushi buhu, na nausa. Ta ce, "Ƙura kike kaɗe masa?"

Alhamis, 6 ga Maris

An haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya, Doguwa ake ce mata. Safar hannuna ta goge mata kunne, na ce ta yi haƙuri. Ita ma ta taka ni, ta ce in yi haƙuri. Malama ta ce ba zaman makoki muka zo ba.

Asabar, 8 ga Maris

Wajen aiki. Ƙanen mai kanti ya sake tare ƙofar sito ina ɗauke da kwali. Wai in wuce mana, ai akwai hanya. Na manne da bango na wuce, har da murmushi. Murmushin ne ya fi ba ni haushi.

Laraba, 19 ga Maris

Malama ta ce hannuna yana tsayawa kafin ya kai. In nufi ƙeyar mutum, ba fuskarsa ba. Ta sa mu yi ihu da kowane naushi. Nawa ya fito kamar tari.

Inna ta ga shati a damtsena. "Ke da ko sauro sai kin lallashe shi ya tashi?"

Juma'a, 28 ga Maris

Ban je ba. Ciwon kafaɗa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Doguwa ta same ni a hanci, da gaske. Idona ya cika da ruwa. Ban san lokacin da na rama ba, sai dai na ga jini a leɓenta. Na tsaya. Malama ta ce, "Wa ya ce ki tsaya?" Da muke sauya kaya Doguwa ta duba bakinta a madubi, ta ce ashe ina da hannu.

Talata, 15 ga Afrilu

Ƙofar sito kuma. Na ajiye kwalin a ƙasa, na ce, "Matsa." Ya yi dariya. Na ci gaba da kallonsa. Ya matsa.

Da yamma mai kanti ya kira ni, wai ƙanensa ya ce ba ni da ladabi, in rage zafin kai in ina son aikina. Na ce to.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na raka Inna kasuwa. Muna dawowa ta ce in rage sauri, wai tun ɗazu a tsakiyar hanya nake tafe, maza na kauce mini. Ni ban lura ba. Ƙila dai kayan da na riƙo ne suka yi faɗi.