Hoton Inna da ya ƙi shiga kilo-okte hamsin

Zuwa ga Mai girma Darakta,
Asusun taimakon lafiya da muke kira mituwel,
Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikatanku.

Abin da na fara rubutawa a littafina yau Litinin shi ne: sake rage hoton Inna, karo na huɗu. Na zauna gaban kwamfuta na kasa taɓa shi, shi ya sa nake rubuto muku a bainar jama'a.

Ni magatakarda ne a wani garejin manyan motoci a Zongo. Mahaifiyata tana da yana a ido. Na hagu ya riga ya rufe, na dama ne ya rage. Likita ya sa mata aiki ranar Alhamis ɗin nan, amma sai da sabon katinku. Idan ranar ta wuce, ya ce sai bayan damina, kuma bai yi alkawarin idon zai jira ba.

1. Dokarku ta ce a tura hoto ta intanet, kada nauyinsa ya wuce kilo-okte hamsin. Na waya ya ninka haka nesa. Ranar Talata na rage faɗinsa, na manta ban danna ɗan akwatin da ke sa tsawo ya bi faɗi ba. Fuskar ta fito a miƙe. Kuka mayar, kuma kun yi daidai. Wannan laifina ne.

2. Ranar Laraba na je sibar, shagon intanet, a unguwar Gbégamey, matar da ke wurin ta nuna mini akwatin. Hoto ya sauka arba'in da takwas. Amma Inna tana da tsagar gado, uku-uku a kowane kunci, sirara, tsufa ya shigar da su cikin fata. Da hoto ya ƙanƙance, suka ɓace. Tsohon katinta kuwa ya ambaci tsagar. Kuka gwada biyun, kuka rubuto cewa ba mutum ɗaya ba ne.

3. Ranar Alhamis na yanke hoton, na bar fuska kaɗai. Tsaga ta fito, nauyi arba'in da tara. Kuka mayar, wai babu kafaɗu. In na sa kafaɗu tsaga ta tafi, in na fito da tsaga kafaɗu su tafi. Na gwada girma iri-iri, duk na rubuta su. Mai yiwuwa akwai dabarar da ban sani ba, karatuna a sakandare ya tsaya. In akwai, me ya hana a rubuta ta a jikin dokar?

4. Ranar Juma'a na ɗora Inna a babur muka haye gada zuwa bironku, wato ofishinku na Akpakpa. Awa biyu tana zaune a benci. Ma'aikacin bai ko ɗaga kai ba, ya ce na'ura ce ke dubawa, ba shi ba. Sannan ya faɗa a gaban mutane cewa an san 'yan Zongo da ɗauko dangi daga Nijeriya su ci da katin wani. Mai girma Darakta, a Zongo aka haifi Inna, a nan aka binne kakanta da ya zo fataucin goro. Tun da aka dawo da zaɓe ba ta taɓa fashi ba, kuma ba wanda ya ce fuskarta ba tata ba ce a rumfar zaɓe.

Inna ta ji maganar sarai. Jiya ta miƙo mini tandun kwallinta, ta ce in bi tsagar da shi don ta fito a hoto. Ban karɓa ba, ban kuma ƙi ba. Ina tsoron ku kira shi jabu.

Saboda haka ina roƙo:

Na ɗaya, wani ma'aikaci ya dubi Inna da idonsa kafin Laraba da yamma, ya sa hannu.
Na biyu, ku ƙara nauyin da kuke karɓa, ko ku daina gwada tsaga da hoton da ba zai iya ɗaukarta ba. Ba Inna kaɗai ke da tsaga a garin nan ba.
Na uku, a ja kunnen mai waccan magana. Ba korarsa nake nema ba.

Allah Ya ƙara muku lafiya da adalci, Ya bar ku da hasken idanunku har tsufa.

Wassalam.

Mamudu Alasan,
Zongo, Kwatano.

Abin da ke gabana gobe Talata, don ku san inda aka tsaya:
- Neman izinin maigida a gareji.
- Kai kwafin wasiƙar nan Akpakpa, a buga mini tambarin karɓa.
- Tambayar likita ko zai yarda da tsohon kati.
- Sabon hoto a tsakar gida, da hasken safe.
- Kwallin Inna: ban yanke shawara ba.