Na Bar Gajimaren Farko

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwata a tsakar rana, wadda ta laƙaba mini "matuƙin kujera",

Wata huɗu ke nan da aka mayar da ke asibitin can, wata huɗu ina ce miki "bari mu gani" duk sanda kika ce in nemi canjin aiki in biyo ki. Yau ga amsa, amma ki yi haƙuri, sai na bi ta kan wasan tuƙa jirgin saman nan na kwamfuta da kike cewa ya ƙwace miki miji.

Kin tuna Asabar ɗin da kika jawo kujerar kicin kika zauna gefena? Na ce miki jirgin ba shi da inji. Wani jirgin ne ke jan sa da igiya ya sake shi a sama, daga nan sai abin da iska ta ba ka. Ka sami iska mai ɗumi da ke tashi ƙarƙashin gajimare, ka yi ta kewayawa kamar shirwa har ka yi sama, sannan ka miƙe neman na gaba. Minti arba'in ina zagaye gajimare ɗaya, shayinki ya huce, kika ce, "Wai kai ba za ka tafi ba ne? Kaina har ya fara juyawa." Kika fizge sandar tuƙin kika miƙe, kika dira a gonar wani, kina dariya har da hawaye, wai ai kin fi ni nisa. Wallahi na ji haushi ranar, don gaskiya kika faɗa.

Jiya da rana na gwada tafiyar kilomita ɗari biyu. Na bar gajimaren farko tafin hannuna na zufa, alhali ina zaune a ɗakina! A tsakani na'urar da ke ƙara in ana hawa ta yi tsit, jirgi na ta yin ƙasa. Irin shirun gidan nan ne tun tafiyarki. Can sai ga wani gajimare, wanda da na tsaya a baya ba zan taɓa hango shi ba. Ban kai ƙarshen tafiyar ba, saura kilomita takwas na sauka a gona, kamar ke.

Ya ke ruwan saman farkon damina, tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Shekara tara ina koyarwa a aji ɗaya, na san kowace tsaga ta allonsa. Amma wane tsoro ne ya kai na shekaranjiya, da muka gama waya ba ki tambaye ni yaushe zan zo ba? Kin gaji ne, ko kin daina jira?

Yau da safe na miƙa wa shugaban makaranta takardar neman canji. Ban san abin da zan tarar a gaba ba. Sandar tuƙin ma na ɗaure ta a kwali, tare da kofin shayinki.

Don Allah ki sake tambayata, ko sau ɗaya.

Naki a sama, naki a gonar mutane, naki har numfashina na ƙarshe,
Matuƙin kujerarki