Laifin da Ka Ɗora wa Yaya

Kawu, ka karanta takardar likitar nan kafin ka yi magana, ko kuwa kalma ɗaya ka tsinta ka yi gaba da ita?

Na san da gaisuwa ake farawa. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara maka lafiyar ƙafar nan. Mu nan da sauƙi. Mama ta koma kasuwa, amma Yaya tana ɗakin Mama tun da aka binne 'yarta Tsuntsuwa, sati biyar ke nan, ta ƙi komawa gidan mijinta.

Ka san dalili. Kwana biyu da rasuwar ka tura murya a zauren danginmu na waya, inda dangin mijinta ma suke, ka ce ciwon yarinyar, na maitokondiriya, daga uwa kaɗai ake ɗaukarsa. Shekara ashirin kana sayar da magani, wa zai musa maka? Surukarta ba ta zage ta ba, cewa kawai ta yi Allah ya sa a dace a gaba. Yaya kuwa ta ce wa Mama ita ta kashe yarinyar tun a ciki, kuma ba za ta sake haihuwa ba.

Ni kafinta ne, a aji uku na bar makaranta, amma na karɓi takardar na zauna da ita a shago sati uku, ina bin kowace kalma a waya. Maitokondiriya wasu 'yan ɗakuna ne cikin ƙwayoyin jikinmu, su ke samar da ƙarfi. Gaskiya ne suna da ɗan umarni nasu da ake samu daga uwa, amma furotin goma sha uku kacal yake haɗawa. Sauran, sama da dubu, a waje ake ƙera su, da umarnin da uba da uwa suka bayar tare, sannan a shigo da su.

Shigowar ce na gane da wuri, don aikina ne. In zan kai kabad gidan mutum, ba ya shiga a haɗe. Sai na kwance shi, na wuce ƙofar gida, na wuce ta ɗaki, sannan na haɗa. Haka furotin yake shiga 'yan ɗakunan nan: bango biyu ne, ƙofa biyu. Yana ɗauke da alama a goshi mai nuna inda za shi, a warware shi kamar zare, a zura ta ƙofar waje, ta ciki ta karɓa, wani ya ja shi daga ciki, a yanke alamar, ya naɗe ya kama aiki. Ƙofar ciki ce ta lalace a jikin Tsuntsuwa, kaya na waje, ɗaki babu kowa. Shi ya sa ba ta taɓa riƙe wuyanta ba. Kuma umarnin ƙera ƙofar, shafi na biyu na takardar ya faɗa ƙarara: gurɓatacce ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, dukansu ba su sani ba. Na koma wurin likitar, ta ce haka ne, ta ƙara da cewa kowane ciki kashi uku cikin huɗu lafiya zai zo.

Na yi wa Yaya bayanin nan sau biyu. Ta dube ni ta ce na gode ƙanena, amma Kawu ya fi ka sani. Tana faɗa tana shafa 'yar kujerar da na ƙera wa yarinyar, mai matashi gefe da gefe don kada kanta ya langaɓe. Kawu, ban san inda zan sa raina ba.

Ka gaida Anti, da 'yan biyu, da Baba Tsoho in ka leƙa shi. Mama na gaishe ka, ba ta san na rubuto ba.

Ga hoton shafi na biyu na haɗo. Kada ka kira ni, kada ka kira Yaya a gefe. A zauren ka faɗa, gaban mutum sittin, can za ka koma da muryarka ka ce ka yi kuskure. In kuma ni ne ban gane ba, ka ƙaryata ni a can, kowa ya ji. Yaya ba ta fita daga zauren ba, kullum tana dubawa.

Ɗan ƙanwarka, kafinta.