Tsamiyar Garu

Laraba da dare. Gwiwar nan ta hana ni sallah a tsaye.

Na hau adaidaita na zaga Garu, unguwarmu ta dā. Tsamiyar tana nan. A gindinta wani soja ya sa ni tsallen kwaɗo a gaban ɗalibaina, ina hedimasta, don na makara fitowa sharar gari.

Direban, da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin, ya ce, "Baba, wallahi gara soja su dawo." Na ce ya sauke ni. Da sanda na ƙarasa gida, raina na tafasa.

Malam Sabo kaɗai ya rage cikin waɗanda suka gani. Ya ce zai zo bayan la'asar. Har shayinsa ya huce bai zo ba.